Turjiyar Malam Sammani Oda

Mijin yayata ne, saboda haka ina da hurumin in faɗi abin da na ga dama a kansa, tunda wasa ne tsakaninmu tun ranar da aka kai masa Baraka. Sunansa na yanka Sammani. Amma in ka shigo Ƙofar Sauri kana neman Sammani, sai a tambaye ka wanne. Ka ce Oda, yanzun nan yara za su yi maka jagora, ko da yake fili za su nuna maka, ba gida ba. Yadda gidan ya zama fili shi ne abin da nake so in faɗa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gyaran rediyo ne sana'arsa, a wata 'yar rumfa bakin titi. Ya iya aikin, ba zan ci amanarsa ba. Matsalar ita ce rediyon da ya shiga hannunsa ba ya fita da wuri, don sai ya kamo tashoshin ƙetare da shi ya sha labarin majalisun duniya ya ƙoshi. Mai rediyo ya zo karɓa, a ce masa ana kan gwaji.

Ciwon ya samo asali ne tun Jamhuriya ta Farko. Yana saurayi wani kawunsa, direban wani ɗan majalisa, ya tafi da shi Kaduna ya riƙa wanke masa mota. Wata rana aka bar shi ya hau benen 'yan kallo. Daga can sama ya ga manyan mutane masu manyan riguna suna ta cacar baki kamar za su cinye juna, sai wani mutum guda a kan doguwar kujera ya ce "Oda!" kowa ya yi tsit. Abin da ya tsaya wa Sammani a rai shi ne mutumin ba ya riƙe da bindiga, ba ya riƙe da bulala. Bai daɗe da dawowa Katsina ba sojoji suka rufe wurin. Daga nan duk juyin mulkin da aka yi, sai ya rufe rumfa ya zauna a zaure kamar wanda aka yi wa rasuwa, mu kuwa mu je mu yi masa gaisuwa muna danne dariya. Ko mulkin farar hula na saba'in da tara bai gamsar da shi ba, wai ba irin wanda ya gani ba ne, an kwaso na wata ƙasa.

Da ya rasa majalisar da zai shiga sai ya mayar da gidansa ita. Baraka ta ce gishiri ya ƙare, ya ce ta kawo ƙudiri. Yara suna faɗa, ya buga cokali a kwano ya ce "Oda!" Yayata mace ce mai haƙuri, ga neman na kanta. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, kuma ba ƙarya ba ne in na ce kaskonta ya fi rumfar rediyo riƙe gidan. Madafinta da ɗakinta duk a jikin katangar baya suke, katangar ƙasa wadda mahaifin Sammani ya gina da hannunsa.

Lungunmu gangare ne. Gidajen sama muna ce musu 'yan Tudu, mu na ƙasa 'yan Gangare. Tun kaka da kakanni ruwan sama tsakiyar lungu yake bi ya wuce kududdufi, bai taɓa neman kowa da faɗa ba. Sai Alhaji Abbas, ɗan kwangila, wanda ya riƙe Ƙungiyar Ci-gaban Unguwa duk tsawon mulkin soja ba tare da wani ya zaɓe shi ba (kantoma muke ce masa in ya ba da baya), ya gina wani dogon dakalin siminti a ƙofar gidansa don baƙi su samu wurin zama. Dakalin ya tare hanyar ruwa tsaf. Shi kuwa ruwa ba ya jiran izini, sai ya karkata ya miƙe sak zuwa gindin katangar Sammani. Damina uku yana cin ta. Kowace shekara Sammani ya yaɓe, kowace shekara ruwa ya lashe. Da ya je koke, Alhaji ya tarbe shi da lemo da fara'a.

"Ruwa na Allah ne, Malam Sammani," in ji shi. "Ni na aiko shi?"

Sai ga shekarar casa'in da tara, sojoji suka koma bariki. Garin nan ya kamu da zazzaɓin zaɓe. Mahauta suka yi nasu, 'yan acaɓa suka yi nasu, har masu sayar da itace sai da suka fitar da ciyaman. Matasan unguwa suka ce ƙungiyarmu ma ba za ta zauna da kantoma ba. Alhaji Abbas, wanda ya san inda iska ke kaɗawa tun kafin ganye ya motsa, shi ya fara cewa ya amince. Aka raba wakilci bisa yawan gidaje, ya kama mutum goma sha uku: bakwai daga Gangare, shida daga Tudu. Ni Sule tela ina cikin bakwai ɗin, haka Sammani. Ranar nan na je na tsaya gaban dakalin ina kallonsa kamar mahauci yana kallon rago. Bakwai ta fi shida, ko jahili ya san wannan.

Da yake babu wanda ya san yadda ake zaman majalisa, sai aka ce Oda ya tsara mana. Ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki irin na ranar ba. Ya sa rigarsa ta Sallah ya tara mu a wani ajin firamare bayan la'asar, ya yi ta bayani har wasu suka fara gyangyaɗi. Ya ce dole a samu Kakaki, wato mai jagorantar zama, kuma daga ranar da aka zaɓe shi ya bar ɓangarensa ke nan, ba shi da Tudu ba shi da Gangare. Ya ce a Ingila, kamar yadda ya ji a rediyo, sabon Kakaki ba ya tafiya kujera da ƙafarsa, sai an kama shi an ja shi yana turjiya, don a zamanin da sarakunansu kan sare kan mai wannan muƙami in ya kai musu labarin da ba su so. Aka yi dariya, kowa ya ce wannan kam dole a yi ta. Ya ƙara da cewa Kakaki mai ci ba a yin takara da shi, don kada ya riƙa neman farin jini.

Mutum ɗaya ne bai yi gyangyaɗi ba. Alhaji Abbas yana benci na gaba, gwiwoyinsa sun tokare tebur ɗin yara, yana jan carbi a hankali.

"To Malam," in ji shi, "shi Kakakin ga, shina sa baki cikin muhawara?"

"Ko kaɗan, Alhaji. Nashi shi ba wannan dama, shi hana wancan."

"Ƙuri'a hwa?"

"Ba shi jefawa. Sai in anka yi kunnen doki."

"In anka yi kunnen dokin, sai shi bi son ranshi ke nan."

"A'a, a'a!" Sammani ya ɗaga yatsa, yana jin daɗin ya samu ɗalibi. "Nan ne mutane ba su sani ba. Ba a canza abu da ƙuri'ar Kakaki. In babu rinjaye, sai shi jefa ta inda komi zai zamna yadda yake. A bar kaza cikin gashinta."

"Allah shi ƙara ilmi," in ji Alhaji, ya mayar da carbinsa aljihu.

Ranar zaɓe aka aro kujerar hedimasta aka ɗora mata matashi. Sammani ya zo da sandar majalisa, wadda ba komai ba ce illa tsohuwar taɓaryar Baraka da ya shafa wa fenti ruwan zinariya. Aka ce a kawo sunan Kakaki. Mu 'yan Gangare mun shirya mu tsayar da Malam Siddiq, wani malamin makaranta mai sanyin hali daga Tudu. Kafin in buɗe baki Alhaji Abbas ya miƙe. Ya yi sallama, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya har da iyalai, sannan ya ce shi bai ga wanda ya cancanci kujerar nan ba sai mutumin da ya ga majalisa da idonsa tun wasunmu ba a haife su ba. Ya ce a ɗauko wani a ɗora ga Malam Sammani a zaune, wannan cin fuskar ilimi ne. 'Yan Tudu suka ɗauki tafi.

Na mintsini Sammani a cinya har sai da na ji tausayin naman. Bai ma ji ba. Idanunsa na kan kujerar nan, sun kawo ruwa. Shekara talatin da wani abu yana buga cokali a kwano, yau ga kujera ta gaske. To, 'yan Gangare kunya ta kama mu. Ta yaya za mu ƙi namu alhali abokan hamayya ne suka yaba shi? Aka wuce da shi babu takara.

Sai turjiya. Daga baya Baraka ta gaya mini ya yi kwanaki yana gwada ta a ɗaki, yana riƙe ƙafar gado. Mubarak ɗan Alhaji ya kama hannu ɗaya, Usman mahauci ya kama ɗaya. Sammani ya rungumi benci yana cewa, "Ba ni so! Ku nemi wani! Ban isa ba!" Hularsa ta faɗi, takalmi ɗaya ya fita, aji ya kaure da dariya da shewa, yara na leƙe ta taga. Aka dangwarar da shi a kan matashi. Ya gyara riga, ya ɗauki 'yar gudumar gyaran rediyo ya buga a tebur ya ce "Oda!" Wallahi muka yi tsit, har ni.

A hanyar gida na ce masa, "Yaya, bakwai a cire ɗaya nawa ya rage?"

"Sule, kai tela ne," in ji shi. "Awon wuya da hannu ka sani, ba ka san girman kujera ba."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya riƙe aikin da gaskiya. Da ma ɗan maguɗi ne, da mun huta. Ya daina fito da tuwonsa ciyayyar da mu 'yan Gangare muke yi bayan magariba, ya koma ci shi kaɗai a zaure, kada a ce an saye shi da miyar kuka. Azahar ya yi ta a masallacin Tudu, la'asar a na Gangare. A wurin zama ba ya kirana Sule, sai "wakilin Lungun Marina", ni da na goya masa 'ya'ya. Rannan na kira Alhaji ɓarawon hanyar ruwa, ya buga guduma ya ce in janye ko in fita. Na janye. Na ce Alhaji ba ɓarawo ba ne, aro ya yi ya manta. Duk da haka sai da ya kore ni waje, na ƙarasa zaman ta taga tare da yara.

Amma kuma an yi aiki, ba zan ɓoye ba. An kwashe bola, an gyara fanfo, mutumin da bai taɓa buɗe baki gaban Alhaji ba ya tashi ya yi magana har ya gama ba a katse shi ba. Su Malam Siddiq suka fara cewa unguwa ba ta taɓa samun adali irinsa ba. Shi kuma Alhaji duk inda ya zauna yabonsa yake yi.

Damina ta kankama. Safiyar ranar da zan kawo ƙudirin fasa dakali, na shiga gaida yayata na tarar ta kama hannun mijinta ta kai shi bayan madafi. Wata tsaga ta taso daga gindin katanga har kusan kafaɗar mutum. Ta cusa hannunsa a ciki, ya shige har wuyan hannu.

"Malam, ka dai ji da hannunka," in ji ta. "Ni ban san majalisa ba. Nan nike kwana."

Ya zare hannu ya kakkaɓe ƙasa, ya ɗauki taɓaryarsa mai fenti ya fita.

Na yi magana ranar nan kamar ba tela ba. Na kawo tarihin ruwa, na kawo haƙƙin maƙwabtaka. 'Yan Tudu suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce a kan dakalin ake zaman makoki, fasa shi rashin girmama mamata ne. Wancan ya ce tsofaffi na hutawa a kai. Mubarak ya ce katangar ƙasa ai da ma tsufa take yi, wa ya tabbatar ruwan dakali ne yake cin ta? Na dubi Sammani. Babu wanda ya san amsar wannan tambaya kamarsa, shi da ya sha tsayawa cikin ruwa da fatanya yana kallon inda yake bi. Jijiyar wuyansa ta tashi. Mutumin da tunda na san shi bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, sai ya haɗiye, ya ce, "Akwai mai ƙarin bayani?"

Aka ɗaga hannu. Shida na so a fasa, shida ba sa so. Ya sa aka sake ƙirgawa, kamar wani hannu zai tsiro. Kunnen doki.

Mu shida muka zuba masa ido. Ban roƙe shi da baki ba, amma duk wanda ya ga fuskata ya san roƙo nake. Ya daɗe yana juya gudumar nan a hannu.

"Majalisa ba ta samu rinjaye ba," in ji shi. "Kakaki ba shi canza abu da ƙuri'arshi. Dakali shina nan yadda yake."

Alhaji Abbas ya yi kabbara. Ya tashi ya ce a rubuta, wannan rana ce ta tarihi, an ga mutumin da ya fifita doka a kan katangar ubansa. 'Yan Tudu suka yi ta tafi. Ni kuwa na fita tun ba a rufe zama ba, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a janyewa.

Na riga shi isa gida na gaya wa Baraka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ya shigo ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa, ta zauna.

"An ce ƙuri'a ɗaya ta rage, kuma hannunka take."

"Ba tawa ba ce, Baraka. Ta kujera ce."

"Kujerar ce za ta kwana ɗakin ga?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya dube ni, ni da nake tsaye ina huci a bakin ƙofa.

"Sule, kana tuna ranar da anka gina dakalin ga? Wa anka tambaya? Mutum guda ya ga dama, ya yi, don shi ke bisa. In ni ma na hau bisa na karkata don katangata, mi ya raba ni da shi? Gobe wani shi hau shi karkata don dakalinshi, kuma ni na koya mashi. Tun ina saurayi nike jiran ranar da za a zamna a yi abu bisa ƙa'ida a garin ga. Ta zo, sai ni in hwara ɓata ta?"

Gaskiya ya faɗa. Wannan shi ya ƙara mini haushi. Mutum ya yi wauta kana iya zaginsa ka huce, amma wautar da ta zo da gaskiya a hannu ba ka san inda za ka kama ta ba.

Cikin watan Agusta aka yi kwana da kwanaki ana marka. Wata la'asar, Baraka ta fito zaure miƙa wa wata yarinya mai, sai muka ji ƙara kamar an juye tipar yashi. Katangar baya ta zauna, ta tafi da madafi da ɗakin yayata. Allah ya tsare rai. Amma kaskon tuya, da tulunan mai, da gadonta, da jeren kwanukan da mahaifiyarmu ta bar mata, duk suna ƙarƙashin laka. Ta durƙusa cikin ruwa tana tono da hannu, ta zaro wani murfin kwano a lanƙwashe, sai a lokacin ta fashe da kuka. Sammani ya iso daga rumfa a guje, ya tsaya ruwa na dukansa, ya kasa matsowa kusa da ita. Na ji tausayinsa ranar, kuma na ji kamar in shaƙe shi.

Ɗaki ɗaya ya rage da zaure, kuma yanzu da katanga ta kau ruwan kai tsaye jikin ɗakin yake duka. Damina kuwa da sauranta. Washegari ya same ni a shago.

"Sule, zan sauka," in ji shi. "In na sauka na koma wakili. Ku kawo Malam Siddiq shi hau. Mu bakwai, su biyar. Wannan ba karkata ba ce, hanya ce ta ƙa'ida."

Na ajiye almakashi na rungume shi. Na ce ashe dai ana gane lissafi ko an tsufa.

Aka kira zaman gaggawa. Hadari ya haɗo ta gabas, ajin ya yi duhu. Sammani ya buɗe zama, ya ajiye guduma, ya sauko daga kujera ya zo ya zauna kusa da ni a benci. Ya ce ya gode wa kowa, ya sauka, a zaɓi wani. Na miƙe na kawo sunan Malam Siddiq.

Alhaji Abbas ya ɗaga hannu cikin ladabi. Da farko ya jajanta wa Malam Sammani bisa wannan ƙaddara, ya yi addu'a Allah ya mayar da alheri, muka shafa. Sannan ya ce shi ɗalibi ne, yana neman a tuna masa: a cikin tsarin da aka koya mana, ina wurin da aka faɗi yadda Kakaki ke sauka?

Aka dubi Sammani. Babu wurin a cikin tsarin. Ya koya mana yadda ake hawa, dalla-dalla, har da inda ake kama hannu. Yadda ake sauka kuwa bai taɓa zo masa a rai ba. Ina zai gan shi? Majalisar da ya gani a Kaduna sojoji ne suka tashe ta, wadda ta biyo baya ma haka. Tun da yake a ƙasar nan bai taɓa ganin Kakakin da ya bar kujera don ganin damarsa ba.

"To tunda babu," in ji Alhaji, "Kakaki shina nan bisa muƙaminshi. Kuma an koya muna ba a takara da Kakaki mai ci. Ko na yi kuskure, Malam?"

"Alhaji, na ce ba ni so," in ji Sammani. "Ku nemi wani."

"Haka ka ce wancan karon."

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Mubarak ya taso yana naɗe hannun riga. Abin takaici, Usman mahauci, namu na Gangare, mutumin kirki amma kansa sai a hankali, shi ma ya taso yana washe baki, a zatonsa al'adar ce ta zagayo. Suka kama shi. Sammani ya rungumi benci.

"Wallahi da gaske nike! Ku sake ni! Ɗakina zai hwaɗi! Baraka na ciki!"

Ihu ya ƙaru. Yara a taga suna tsalle. Na yi tsawa na ce ku ƙyale shi, ba wasa yake ba, amma wa zai ji ni cikin wannan shewa? Na riƙo rigarsa ta baya ina ja, sai mutane suka ɗauka ni ma cikin wasan nake, suka ƙara tafi. Rigar ta yage a hannuna. Suka ja shi, ƙafafunsa na share ƙasa, hawaye na zuba har gemu, suka dangwarar da shi a kan matashi.

"Kai, turjiyar yau ta hi ta farko kyau," in ji Alhaji Abbas yana share ido. "Har da hawaye."

Da hayaniya ta lafa na miƙe na ce na sake kawo ƙudirin fasa dakali, a yi ƙuri'a yanzu. Ina fata ko mutum ɗaya daga Tudu, ko Malam Siddiq, ya ga abin da ya faru ya ji kunya. Alhaji ya sake ɗaga hannu. Ya ce in bai manta ba, an koya mana abin da majalisa ta yanke ba a sake kawo shi sai wata shekara. Yana neman hukuncin Kakaki.

Sammani yana zaune da yagaggiyar riga, babu hula. Ya dube ni. A lokacin ne aka fara yayyafi a kan kwanon ajin. Ya laluba tebur ya ɗauki gudumar.

"Haka dokar take," in ji shi. "Wakilin Lungun Marina shi zamna."

Ɗakin bai kai ƙarshen damina ba. Mun dai samu mun fitar da kaya kafin ya zauna. Suka koma Kambarawa, wani ɗaki a gidan babban ɗansu, Baraka ta sake haɗa murhu a tsakar gidan suruka tana tuya a rakuɓe. Na ce to, ko banza ya huta, tunda wanda ya bar unguwa ba ya wakiltar kowa. Sai Alhaji ya tuna wa majalisa cewa Kakaki da ma ba shi da Tudu ba shi da Gangare, saboda haka inda yake kwana bai shafi kujera ba. Duk shekara aka riƙa aika ɗan acaɓa ya ɗauko shi. Duk shekara ya ce ba ya so, duk shekara a ja shi. Abin ya zama biki, har daga Ƙofar 'Yandaka ake zuwa kallo. Ƙudirin dakali kuwa ban sake kawo shi ba. Katangar da za a ceta babu ita, kuma gidan da ruwan ya koma ci na wani ne da ba ya shiri da ni.

Da ya rasu, a masallacin Ƙofar Sauri aka ce za a yi masa salla, don nan ne asalinsa. Alhaji Abbas ya aiko da likkafani mai kyau, ya kuma ce a yi zaman makoki a kan dakalinsa, ya fi faɗi. A nan aka yi shi. Amma abin da ba na mantawa shi ne lokacin da muka shiga ɗaukarsa a Kambarawa. Ni na kama gaba, Usman mahauci da Mubarak suka kama baya, muka ɗaga makara ta taso sakayau. Baraka na zaune a bakin ƙofa cikin mayafi, idanunta sun kumbura. Ta dubi mutanen nan biyu, ta dubi mijinta.

"Ku tahi da shi a hankali," in ji ta. "Yau ba zai yi maku turjiya ba."